Ranar da kunkuruna ya yi gudu

Masu tambayata ina gwadon da na yi musu alkawari, ku ji abin da ya faru, kada wani ya sake tare ni a masallaci.

Kun dai san bayan ƙaramar salla na ɗauko saƙa. Masaƙan Kura na gani a YouTube, masu siririn ƙyallen nan da ake haɗawa a rina ya zama turkuɗi, na ce wannan ai ba gagarau ba ne. Kafinta ya haɗa mini katakai, na shiga kasuwar Kurmi na samo ƙoshiya mai ratsa zare, da matsefi mai danne shi, da allera mai ɗaga zaren tsaye, wajen wani tsoho da ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa zan kai wa. Na kafa turaku a tsakar gida na yi wadari, wato jera zaren tsaye na saƙar, ina ta zagaye da zare, maman yara na jira da bokitin wanki.

Masaƙar maza tsawo take ci. Zaren can nesa ake miƙa shi a ɗaure da dutse a kan ɗan katako, shi ne kunkuru, kana saƙa kana naɗewa yana matsowa. Nawa rabin bulo ne a kan murfin tsohuwar kula, kuma da yake kun san girman gidanmu, sai da ya kai bakin ƙofar shigowa. Igiyoyin allera kuwa da ƙafa ake jan su. Nawa zamewa suke ta yi, sai na ɗaure kowace a babban yatsa, ƙulli biyu biyu.

Ranar Asabar da hantsi, ina zaune daga ni sai singileti da wandon ƙwallo, na ji sallama. Muryar Hajiya ce. Babu wanda ya gaya mini za ta zo. Har yau maman yara na cewa ta gaya mini.

To suruka ta shigo, mutum ya zauna ƙafa a miƙe? Na yunƙura zan tashi in durƙusa. Ƙafar dama ta ja allera ɗaya, ta hagu ta ja ɗayar, lokaci guda, abin da ko a mafarki masaƙa ba ta yarda da shi ba. Sandar sama ta sauko mini a kafaɗa. Matsefi ya yi lilo ya same ni a haɓa. Kwarkwaro, ɗan karan da aka naɗe zare a kai, ya fice daga ƙoshiya ya gangara yana warware zare har gaban takalmin Hajiya. Na ja baya in kuɓuta, ashe duk wadarin na haɗo. Kunkurun nan da tun da na fara bai matso ko taku ɗaya ba, sai ga shi ya taho a guje, ƙiiii a kan siminti, ya bi ta gefen zaninta. Hajiya da ke cewa gwiwa ta hana ta hawa matakala, wallahi tsalle ta yi tana salati.

A haka na durƙusa, katako a wuya, yatsu a ɗaure. Na ce, "Hajiya, kun zo lafiya? Ya hanya?"

Ta kau da kai ta ce lafiya lau. Ta yi shiru. Can ta ce, "Ya aiki?" Na ce alhamdulillahi. Ta dubi bulon, ta dubi wandon ƙwallo, ta sake cewa, "Aikin dai lafiya ko?"

Kuma gaisuwa ta ƙare amma tashi ya gagara. Sai da maman yara ta zo da wuƙar yanka albasa ta tsuguna tana yanke igiya daga yatsuna a gaban mahaifiyarta, kafaɗunta na rawa, wai tari take.

Duk wannan na yafe. Wanda ban yafe wa ba shi ne autansu, da ya rako Hajiya yana riƙe da leda. Yaron nan ni na biya masa kuɗin gyaran babur bara, har yau ko "Yaya, ina sane" bai ce ba. Yana tsaye bai ajiye ledar ba, bai kama katako ba, sai cewa ya yi, "Yaya, a ɗage maka ne, ko a bari ka ƙarasa gaisuwar?" Kafin la'asar labari ya kai teburin mai shayi. Yanzu ko biredi na je saya, sai wani ya ce a ba Sarkin Masaƙa hanya. Shi da ko maɓallin rigarsa bai iya ɗinkewa ba. Zai zo neman kuɗin mai, ina nan.

Bayan kwana biyu Hajiya ta aiko da rabin buhun shinkafa da galan ɗin mai, da saƙon in yi haƙuri, kowane bawa da irin jarrabawarsa, kuma za ta yi wa wani ɗan ƙawarta magana ko da gurbi a ma'aikatarsu. An yi mata bayani cewa ba a kore ni ba, sha'awa ce kawai. Ta ce haka maza suke cewa.

Shinkafar dai muna ci. Abin da na saƙa bai fi taƙi ɗaya ba, ƙasansa faɗi samansa tsuke, da shi ake sauke tukunya yanzu. In akwai wanda ya san kafinta mai sa ƙusa da gaske, ya yi mini magana.