Shaidar mai wanke-wanke

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Makon jiya muka raka wani bawan Allah gidansa na gaskiya. Mai gidan abinci ne, ya fara da teburi ɗaya da tukwane biyu, Allah Ya buɗa masa har ya yi rassa, ya shiga wasu harkokin kasuwanci. A wurin ta'aziyya yabo ya yi yawa, wasu na zancen daɗin girkinsa, wasu na zancen kaifin basirarsa a kasuwa.

Ni dai wanda ya tsaya mini a rai wani yaro ne mai wanke-wanke, zaune can gefe, hannayensa duk sun yi fari saboda ruwa da sabulu. Da ƙyar ya iya magana. Ya ce tun da ya fara aiki albashinsa bai taɓa ƙetare rana ba, kuma ranar da ya ɓarar da tulin faranti, maigida yatsunsa ya fara dubawa ko ya yanke. Ya ce in nama ya soma canja wari, marigayi da kansa yake tsayawa a zubar, ko da mai girki ya rantse cewa yaji zai rufe.

Nan na tuna hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Annabi (SAW) ya wuce wani tarin abinci na sayarwa, ya cusa hannu ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. To mai gidan abinci kullum cikin wannan jarrabawa yake, don mai ci faranti kawai yake gani, abin da ya faru a kicin sai Allah sai ma'aikata.

Ba cewa nake yi marigayin ba shi da laifi ba. Yana da zafin rai, kuma shekarun farko kasuwa ta cinye shi, yara na barci ya fita, suna barci ya dawo. Babban ɗansa ne ya gaya mini haka. Amma ya farga, ya mayar da abincin dare a gida doka, komai cikar masu saye sai ya bar wa yaransa na shago ya tafi. Mai ciyar da jama'a ya zauna ya ci na matarsa, har ya yaba.

A hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim, an wuce da gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi (SAW) ya ce ta wajaba, wato Aljanna ta wajaba ga mamacin, ya kuma ce musu ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Ɗan uwa mai sana'a, kafin ka kwanta yau ka lissafa waɗanda suke ganin ka ta ƙofar baya: mai shara, direbanka, wanda ka karɓi kayansa bashi, matarka. Akwai wanda haƙƙinsa ya kwana a aljihunka?

Allah Ya jiƙan wannan bawa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya bai wa iyalinsa haƙuri. Yaron nan kuwa, da aka kawo wa masu ta'aziyya abinci, ba wanda ya sa shi, ya tashi ya tattara kwanuka ya nufi bakin famfo.