Biyu a Gida Ɗaya

Tsiren naira dubu ne ya jawo mini duk abin da zan ba ku labari. Wata Talata da daddare na aiki yaro wurin mai tsiren bakin titinmu, ya dawo da shi naɗe a tsohuwar jarida kamar yadda aka saba. Na cinye nama, na tsince albasa, ina shirin dunƙule takardar sai idona ya faɗa kan wani zane mai ɗakuna 81, wasu da lamba a ciki, wasu wayam. Ni kuwa shekara 35 na yi ina aikin akawu kafin in yi ritaya, in na ga gurbin lamba babu komai sai jikina ya kama ƙaiƙayi. Na shimfiɗe takardar, na goge maiƙon da gefen hannu, na ɗauko fensir.

Autata, wadda ke jami'a, ita ta gaya mini sunansa sudoku, ta yi mini bayanin dokarsa a tsaye tana danna waya. Gida tara ne, kowane gida ɗaki tara. Za ka zuba 1 zuwa 9, kada lamba ta maimaitu a gida ɗaya, ko a layin kwance, ko a layin tsaye. Babu tarawa, babu ɗebewa. Na ce mata kafin shayina ya huce na gama. Shayi ya huce, kunun safe ma ya zo ya huce, lamba shida kacal na iya sakawa.

Na ƙirga lambobin da aka bayar, 24 ne. Na ce wannan ai rowa ce, wa zai cika ɗaki 57 da wannan ɗan jari? Yarinyar ta ce, "Baba, a 2012 wani masanin lissafi a Dublin, Gary McGuire, ya tabbatar da kwamfuta cewa 17 ne mafi ƙarancin abin da za a bayar a samu amsa ɗaya tak. Kai har gyaran bakwai aka yi maka." Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Da na bi asalin wasan sai na gane cutar 'yan fansho ce. Wanda ake danganta ƙirƙirarsa da shi, Howard Garns, mai zanen gine-gine ne a jihar Indiana ta Amurka, ya yi ritaya ya rasa abin yi, a 1979 wata mujalla ta buga masa. Japanawa suka ɗauka a 1984 ta hannun kamfanin Nikoli, suka raɗa masa suna. Wanda ya watsa shi duniya kuma, Wayne Gould, alƙali ne da ya yi ritaya a Hong Kong. Ya tsinci littafin wasan a wani kanti a Tokyo a 1997, ya kwashe shekara shida yana haɗa manhajar da za ta riƙa ƙirƙirarsa, har jaridar The Times ta Landan ta fara bugawa a Nuwamban 2004. Mai zane, alƙali, sai ga akawu. Na ji na shiga sahun manya.

Na ɗauko tsohon littafin lissafin kuɗi da rula, na sake zana ɗakunan da girma, na kwafe lambobin, na linke takardar tsiren na sa a aljihu. Dabarar farko da na koya ita ce a kowane ɗakin da ba kowa ka rubuta ƙananan lambobin da za su iya shiga. Ni manema na sa musu suna, domin kowa yana son ɗakin amma ɗaya za a ba. Daga nan sai dabarar da Turawa ke kira ma'aurata tsirara, sunan da har yau ban gane dalilin rashin kunyarsa ba. In ka ga ɗaki biyu a layi ɗaya, kowannensu manemansa 4 da 7 ne kawai, to ko ba ka san wa zai shiga ina ba, ka san su biyun sun kama ɗakunan nan. Sai ka bi sauran layin ka sallami duk wani 4 da 7. Akwai kuma ɓoyayyun ma'aurata, sun fi wuyar gani: lamba biyu waɗanda duk faɗin gidan ɗaki biyu kawai za su iya shiga, amma sun saje cikin cunkoson wasu manema. In ka gano su, sai ka kori baƙin ka bar musu ɗakunansu.

Laifina ɗaya, ba na iya tunani baki a rufe. Daren Laraba, bayan an ɗauke wuta, ina zaune da tocila a tsakar gida ina cewa, "Akwai ɓoyayyun ma'aurata a gidan nan, na san akwai. In na ba wannan ɗakin tsakiya, waccan sai ta koma na ƙurya." Ashe Hajiya na tsaye a bayana da buta.

"Alhaji, wace ce za ta koma ɗakin ƙurya?"

Na ce, "Takwas."

Ta ajiye butar a hankali, ta leƙa littafin. Abin da ta gani zane ne mai gidaje cike da ƙananan lambobi, an goge an sake rubutawa, sak hatimin malaman tsibbu. Ta ce shekara talatin da uku muna tare ba ta taɓa sanin ina bugun ƙasa ba, kuma in aure zan ƙara in fito fili in faɗa kamar kowane namiji, ba sai na yi mata hisabi da tsakar dare ba. Na rantse, na kira auta shaida, na bayyana mata cewa sunan wasan ma gutsure ne daga wata jimlar Japananci mai nufin dole kowace lamba ta zauna ba aure. Ta ce, "Ruwa dai ba ya tsami banza," ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Ban san ta inda maganar ta fita ba, amma da hantsin Alhamis wani maƙwabcinmu ya yi sallama, ya durƙusa fiye da yadda ya saba, ya ajiye goro biyu, ya ce tunkiyarsa ce ta ɓata tun shekaranjiya, ko zan duba masa.

A ranar ne kuma na ci tura. Ma'auratan tsirara da ɓoyayyu duk sun ƙare, saura ɗaki talatin da wani abu, ko'ina manema sun yi cirko-cirko. Auta ta ce saura manyan dabaru, ta nuna mini wadda ake kira fiffiken Ekis. Wannan kam, ko da ta jawo mini abin kunya, ba zan hana ta yabonta ba, dabara ce mai kyau. Ka ɗauki lamba ɗaya, a ce 5. A layin kwance na biyu wuri biyu kawai za ta iya zama, a layin kwance na takwas ma wuri biyu, kuma wuraren sun yi saiti a kan layukan tsaye guda biyu, kamar kusurwoyin akwati. To ko dai 5 ta zauna sama hagu da ƙasa dama, ko sama dama da ƙasa hagu. Ko ta wace hanya aka bi, layukan tsayen nan biyu sun riga sun sami 5 ɗinsu, saboda haka duk wata 5 da ke neman ɗaki a cikinsu sai ta haƙura. Ba ka san amsar ba, amma ka san wanda ba shi da rabo. In abin ya zama layi uku da uku, sunansa kifi mai takobi. Na kwana ina farautar kifin nan, ni da rabona da kamun kifi tun ina yaro a rafin garinmu.

Juma'a kuwa ɗaurin auren 'yar ƙanena ne, kuma ni ne waliyyi, ni zan bayar. Angon mutumin kirki ne, ɗan kasuwa, yana da uwargida da 'ya'ya huɗu, tamu ita ce ta biyu. Na sa babbar riga, na kafa hula, na yage shafin na soke shi a aljihun 'yar ciki da guntun fensir, da niyyar ba zan taɓa shi ba. An idar da salla, aka ce a jira dangin ango, motarsu ta tsaya a hanya. Minti goma, minti ashirin. Na ce bari in ɗan leƙa.

Ikon Allah, ina buɗewa a ƙarƙashin hannun riga sai ga kifin a fili, a kan lamba 6. Na soke manema uku, ɗaki ɗaya ya buɗe, ya buɗe na kusa da shi, abu ya kama zuba kamar an kwance bakin buhun gero. Ban ji isowar dangin ango ba. Ban ji an matso da ni gaban Liman ba, ƙafafuna ne suka je. Ban ga an ajiye makirufo a gabana ba. Saura ɗaki huɗu, saura uku, sai na duba gidan ƙarshe na ƙasa: ga 2 a sama, ga wata 2 dole ta shiga ƙasa. Aikin kwana uku ya rushe. A daidai lokacin wakilin ango ya gama cewa suna nema wa ɗansu auren 'yarmu a kan sadakin da aka ambata, masallaci ya yi tsit ana jiran amsata.

Na ce, "Ina! Biyu a gida ɗaya? Ba zai yiwu ba, sai dai a cire ɗaya."

Lasifikar masallacin nan sabuwa ce, har kasuwa ake jin ta. Na ɗago kai na ga ido sun fi ɗari a kaina. Wakilin ango ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ƙanena ya matso ya damƙi gwiwata yana raɗa, "Yaya, lafiya? Yaya, me ya faru?" Liman, Allah ya ƙara masa daraja, ya yi gyaran murya ya ce da alama Alhaji bai ji tambayar ba, a maimaita. Aka maimaita. Na ce na bayar, sau uku na faɗa, ko da yake sau ɗaya ake bukata. Aka shafa fatiha, na fice ta ƙofar gefe, takalmin wani na sa.

Da yamma dangi suka taru a zaurena kamar zaman kotu. Na fito da takardar na kare kaina. Na ce ba a kaina farau ba: a 2008 a birnin Sidni na Ostareliya sai da aka rushe wata shari'ar miyagun ƙwayoyi da aka yi wata uku ana yi, saboda an kama wasu daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci suna wannan wasan a zaman kotu, ana zaton rubuta bayanin shaidu suke yi. Ƙanena ya ce su a kotu suka yi, ba a auren 'yarsa ba. Ban sami amsar wannan ba.

Ina nuna musu asalin takardar tsiren don su ga ba hatimi ba ne, sai jikana ɗan shekara shida ya karɓa. Ya ƙura wa wani ɗaki ido, ya sa farce ya kankare kan wata 7 da ke layi na huɗu, ya kai yatsa baki.

"Kaka, yaji ne."

Aka miƙo mini. Bakwai ɗin da na gina komai a kanta, na kwafe ta da rula, na kori manema saboda ita, ta koma 1 tsaye ƙyam. Ɗan ƙuli-ƙulin yajin tsire ne ya manne mata a ka. Auta ta karɓi fensir, ta gyara, ta zauna a bakin ƙofa, kafin a kira magariba ta cika ɗakunan duka. Ta ce ko fiffike ɗaya ba ta bukata ba, balle kifi.

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta yafe mini zargin aure, amma ta ƙwace littafin lissafin ta hura gawayi da shi. Maƙwabcina ya ga tunkiyarsa a bayan makaranta, kuma har yau ya yi imani aikina ne. Ƙanena yana gaishe ni, sai dai gaisuwar ta rage tsawo.

Ranar Lahadi da safe wata yarinya ta yi sallama da kwano a rufe, dambun nama ne cike har baki. Na tambaye ta daga ina. Ta ce daga uwargidan ango, ta ce a gaishe da Baba, Allah ya saka da alheri, duk taron nan shi kaɗai ya faɗi gaskiya.