"Tsohon nan ya sha ƙwaya": wa ya faɗa muku?

Ranar Asabar da sassafe, a bakin filin wasa na Pantami da ke Gombe, wani dattijo mai furfura, da ganinsa ya ba hamsin baya, ya zo a guje ya wuce wasu samari da ke ta haki. Maimakon "sannu Baba", sai ɗaya ya ɗaga murya: "Wallahi tsohon nan ya sha ƙwaya!" Sauran suka kwashe da dariya. Har yanzu abin na ci mini rai.

Ƙannena, kun gan shi yana haɗiya? Kun auna jininsa? Mutum sa'an mahaifinku, ya yi Asuba ya ɗaura takalmi kuna ta minshari, don kawai ya fi ku numfashi sai ku yi masa ƙazafi? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Ban ce babu masu maguɗi ba. Eddy Hellebuyck ya lashe gudun fanfalaki na Twin Cities a Amurka a 2003 yana ɗan shekara 42, a 2004 aka kama shi da EPO, allurar da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini don kada mutum ya gaji da wuri. Tamu 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare ma an dakatar da ita shekara 10 a 2022. Amma bincike da gwajin jini da fitsari ne suka tona su, ba surutun bakin titi ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, sai ku ce duk mai furfurar da ke gudu ɗan ƙwaya ne?

Ed Whitlock ɗan Kanada ya cinye kilomita 42 cikin ƙasa da awa 3 a Toronto a 2004, yana da shekara 73. Sirrinsa? A lokacin, awanni yake yi yana zagaye maƙabartar garinsu a guje, kusan kullum. Kenenisa Bekele na Habasha ya zo na biyu a gudun fanfalaki na Landan a 2024 yana ɗan shekara 41. Da a Gombe suke, da tuni bakinku ya gama da su. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ku hassada ta rufe muku ido.

Abin takaicin ma, cikin masu wannan zargin akwai waɗanda ba sa iya buga ƙwallon yamma sai sun afa tiramol, wanda WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, ta haramta a gasa tun 2024. Abin da mutum ke yi shi yake zaton kowa na yi. Ga kwana a kan TikTok, ga shisha, sannan a ce ƙirji ya ɗauki gudu?

Ku gyara, ku iya bakinku. Kakanninmu da ƙafa suke zuwa cin kasuwar Kumo, da kaya a ka, su juyo, ba wanda ya ce sun sha wani abu. A da, yaro in babba ya fi shi, rusunawa yake ya tambayi yadda ake yi. Yau kuwa saurayi ko burodi aka aike shi bakin layi sai ya tsaya jiran Keke Napep.