Motar Hajiya

(Wajen dillalan mota a Birnin Kebbi. Alhaji ya sayar da shinkafar rani, ya taso daga Argungu da bakanikensa. Gabansu Corolla ce ƙirar 2008, sai ƙyalli take.)

DILLALI: Alhaji, rabo ya kira ka. Wata Hajiya ke hawanta, daga gida sai gidan biki. Dubi mita, 62,000 kacal.

ALHAJI: Tubarkalla! Ashe wagga yarinya ce ɗanya.

BAKANIKE: Alhaji, in za ka sayi sa a kara, dillali kake tambaya shekarunsa?

ALHAJI: Haƙori nika dubawa.

BAKANIKE: To bari mu buɗe mata baki. Mitar nan ana mayar da ita baya da kwamfuta kafin shayi ya huce. Motar da ake hawa yau da gobe takan ci kilomita 15,000 zuwa 20,000 a shekara. Wannan ta haura shekara 15, ka lissafa.

DILLALI: Hajiya ba ta son fita.

BAKANIKE: Amma tana son birki. Duba robar da ke kan abin takawa, ta cinye har ƙarfe ya leƙo. Sitiyari ya yi sulɓi, kujerar direba ta lotsa ta gefen ƙofa. Tafiyar 62,000 ba ta yin haka.

DILLALI: Hajiyar tana da jiki.

BAKANIKE: Ga kuma 'yar takarda manne a ginshiƙin ƙofa, ta masu juyen baƙin mai: juye na gaba a 187,000. Kuma motar Amurka ce, mil take ƙirgawa, kowane mil kilomita 1.6 ne. Kusan 300,000 ke nan.

ALHAJI: La ilaha illallahu! Gidan bikin a Makka yake?

BAKANIKE: (Ya ɗora hannu kan bonet.) Wa ya tashe ta? Da ɗumi.

DILLALI: Rana ce, Oga. Kebbi muke.

BAKANIKE: A inuwar dogon yaro, da ƙarfe takwas na safe? Ana ɗumama inji ne don ɓoye ƙarar tashin farko da hayaƙi. Mota da sanyinta ake gwada ta. Alhaji, tsaya bayan salansa in na taka totur. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, inji na shan baƙin mai, galibi ringi ya gaji. Baƙi, fetur ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwan lagireto ke shiga inji.

ALHAJI: In kuma ya haɗa biyu?

DILLALI: Alhaji, ka cika tambaya.

BAKANIKE: Kafin nan, in an murɗa makulli ba a tayar ba, fitilun gaban direba duk sai sun kama, har mai hoton inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan tashi. Wadda ba ta kama ba sam, cire ƙwanta aka yi. Nan biyu ba su kama ba.

DILLALI: Lafiya ce ta yi musu yawa.

BAKANIKE: (Ya kwance murfin baƙin mai.) Alhaji, me ka gani a ƙasan murfin?

ALHAJI: Awa kunun gyaɗa.

BAKANIKE: Ruwa ya gauraya da mai. Da wannan da farin hayaƙi, gasket ɗin kan inji ya ƙone, ta taɓa yin zafi. Sai an sauke kan, wataƙila a kai shi a goge. Man giya kuma ja ya kamata ya zama. Wannan ya yi duhu, yana ƙauri.

DILLALI: To ai jiki fa? Ko ƙwarzane babu!

BAKANIKE: (Ya naɗe mayen ƙarfe a ƙyalle, ya bi jikin motar. A ƙofar baya ya faɗo.) Inda ya ƙi kamawa ciko ne aka lafta aka bi da fenti. Dubi tsagar ƙofar, sama yatsa na shiga, ƙasa ko takarda ba ta shiga. An buge ta nan.

ALHAJI: Tayoyin dai baƙi wuluk.

BAKANIKE: Mai aka shafa. Karanta lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya, lokacin da aka ƙera ta ke nan: 1416, mako na 14, shekarar 2016. Kwaltar Jega da rana tsaka za ta fasa ta. A ɗaga safaya mu ga ramin, in da yashi da tsatsa, ta sha ambaliya. Sannan a kawo takardar kwastan mu gwada da lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ɗaya bayan ɗaya.

DILLALI: Takardun suna wajen Hajiya.

ALHAJI: Ina Hajiyar?

DILLALI: Ta tafi biki. (Ya ja bakanike gefe, da raɗa.) Haba Oga, da naka a cikin la'ada fa.

BAKANIKE: Nawa?

DILLALI: Rabi.

BAKANIKE: (Ya gyara murya.) Amma fa Alhaji, gaskiya ɗaya ce, hon ɗinta na da daɗi.

ALHAJI: Na jiya ku, kunnena ba ciko ba ne. Yaro, cire mini hon ɗin, shi zan saya. Kai kuma Oga, sai ka nemi kuɗin mota zuwa Argungu cikin rabinka.