Taron Zoom ya rage kuɗin tafiya, amma wa ya bai wa ƙaramin ma'aikaci baki?

Ranar Laraba 13 ga Mayu, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya jagoranci taron Majalisar Zartarwa ta Tarayya na farko da aka gudanar ta intanet, inda ministoci ƙalilan suka zauna tare da shi a fadar gwamnati, sauran kuma suka shiga daga ofisoshinsu ta allon kwamfuta. Annobar korona ce ta tilasta hakan, domin tun ƙarshen Maris aka kulle Abuja da Legas da Ogun. Ba a jima ba doka ta biyo sahu. A watan Yuli Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zaman kotu ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba, a watan Agusta kuma sabuwar dokar kamfanoni ta halatta wa kamfanonin da ba sa sayar wa jama'a hannun jari su yi babban taronsu ta intanet, kafin a faɗaɗa damar ga sauran kamfanoni a 2023.

Tun daga lokacin Zoom da Teams da Google Meet suka zama kayan aiki na yau da kullum, daga Sakatariyar Tarayya har ofisoshin ƙungiyoyin agaji da ke Wuse da Maitama. Ribar ba ta ɓuya. Jami'in da ke Maiduguri ko Sakkwato ba sai ya kwana biyu a hanya da otal saboda zaman awa guda ba, kuma duk wanda ya san fargabar bin hanyar Kaduna a shekarun baya ba zai raina wannan sauƙi ba. Sai dai a ganina mun ɗauki ƙaramar ribar mun bar babbar, domin abin da muka yi shi ne ɗauko tsohon taronmu da duk cututtukansa muka ɗora a kan allo.

Na taɓa zama a irin wannan taro a wata ma'aikata a nan Abuja, ana duba kasafin wani aiki. Darakta ne ya buɗe, ya shafe kusan rabin lokacin yana bayani, ya faɗi abin da yake ganin ya dace, sannan ya tambaya ko akwai mai ƙarin bayani. Kowa ya toshe makirufonsa, akasarin kyamarori ma a kashe suke, sai akwatin rubutu da ke gefe ya cika da “Mun gamsu, yallaɓai” da “Allah ya ƙara girma”. Ana rufe taro wata matashiyar jami'a ta leƙo ofishina da takarda a hannu ta ce, “Malam, lissafin nan akwai gyara, kuɗin jigilar kaya an sa shi sau biyu.” Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa a can. Ta dube ni kamar wanda bai san gari ba, ta ce, “Haba Malam, bayan Darakta ya gama magana?”

Abin da ya kamata masu sayo mana waɗannan manhajoji su sani shi ne, waɗanda suka fara nazarin yadda kwamfuta za ta taimaki jama'a wajen yanke shawara ba nisan tafiya ne ya fi damunsu ba, matsalar wannan jami'a ce. A shekarun 1980, Jay Nunamaker da abokan aikinsa a Jami'ar Arizona da ke Amurka sun gina ɗakin taro wanda kowane mahalarci yake da kwamfuta a gabansa, duk suna ɗaki ɗaya suna ganin juna, amma kowa yana rubuta ra'ayinsa a lokaci guda, ra'ayoyin kuma suna fitowa a babban allo ba tare da suna ba. Cuta biyu suke son magancewa. Ta farko ita ce taron baki mutum ɗaya kaɗai ke iya magana a lokaci guda, saboda haka idan mutum 20 suka raba awa ɗaya daidai wa daida kowa minti 3 zai samu, kuma kowa ya san ba a taɓa rabawa daidai. Ta biyu ita ce tsoron muƙami, wanda ke sa a auna magana da kujerar mai ita. Tun kafin su, cibiyar bincike ta RAND ta ƙirƙiro tsarin Delfi a shekarun 1950, inda ake tambayar masana a rubuce, a tattara amsoshinsu ba suna, a mayar musu su sake dubawa har ra'ayi ya nuna.

Na ga wannan dabara ta yi aiki da kayan da ba su ci ko sisi ba. A wata ƙungiyar adashin ma'aikata da nake ciki, shugabanmu, dattijo mai mutunci wanda ba wanda ke iya haɗa ido da shi ya ce a'a, ya kawo shawarar a zuba rarar kuɗin shekara a sayi fili a wajajen Kuje. A zauren WhatsApp kowa ya sa albarka. Sakataren ƙungiya, wanda ya ji ƙunƙunin da ake yi a bakin masallaci bayan azahar, ya roƙi a tura fom na Google wanda ba ya ɗaukar suna. Da amsoshi suka dawo sai ga shi mafi yawan mambobi rancen kuɗin makarantar yara suke so, wasu ma sun rubuta dalilai masu ƙarfi game da rikicin takardun fili da ba wanda ya furta su a fili. Shugabanmu ya karanta, ya yi shiru, ya ce a bi abin da jama'a suka zaɓa. Girmansa bai ragu ba, kuma ba wanda ya yi masa rashin kunya.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki: ɓoye suna na iya zama mafakar mai zagi da mai hassada, sannan hukuncin da ba a san mai shi ba, ba a san wanda za a tuhuma ba idan ya lalace. Amsar ita ce a tsayar da ɓoye suna a matakin tattara ra'ayi kawai. Idan aka zo zartarwa, dole shugaba ya sa hannu da sunansa, ya kuma rubuta dalilin da ya sa ya ɗauki wannan ya bar wancan.

Wannan rubuta dalili shi ne amfani na biyu, bayan ɓoye suna, da muke wasa da shi. Takardar da mutane da yawa ke gyarawa tare a intanet tana ajiye tarihin wanda ya canza wace kalma da ranar da ya canza, abin da fayil ɗin kwali mai yawo daga tebur zuwa tebur bai taɓa iya yi da aminci ba. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin daina aiki da takarda a ma'aikatu, kuma niyya ce mai kyau. Amma muddin ainihin shawarar ana yanke ta ne ta saƙon murya a wayar mutum ta kansa, to ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, tarihin hukuncin ya bi shi gida. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa ɗan ƙasa damar neman bayanan hukuma. Ban san abin da za a miƙa masa ba idan bayanin yana cikin wayar da aka sace a tashar Nyanya.

Akwai kuma waɗanda na'urar kanta ke rufe wa baki. Ma'aikacin da ke Abaji ko Kwali, wanda wuta ta ɗauke masa ko layinsa ya yanke a tsakiyar muhawara, sau da yawa ana rubuta shi cikin waɗanda suka amince, alhali bai ma ji tambayar ba. Gyaran waɗannan duka ba ya buƙatar sabuwar kwangila. A tura takardar da za a tattauna kwana biyu kafin zama, kowa ya rubuta abin da ya gani a jikinta, shugaba ya zama na ƙarshen magana, wanda layinsa ya yanke kuma a ba shi zuwa washegari ya aiko da nasa kafin a rufe batun.

A waccan ma'aikata da na fara ba da labarinta, ba a yi ko ɗaya daga cikinsu ba. Kasafin ya wuce yadda Darakta ya karanta shi, bayan 'yan makonni masu binciken kuɗi suka gano jigilar da aka sa sau biyu, takardar neman ba'asi kuma ta sauka a teburin wannan jami'a, domin sunanta ne a jikin fayil ɗin.