Mai riƙe da ƴar sanda a gaban makaɗa, ba rawa yake yi ba

Tun da aka fara shirya kiɗan okestira, wato kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri, a Saudiyya, a wurare irin su Cibiyar Al'adu ta Sarki Fahad da ke Riyad da zauren Maraya a AlUla, ƴan uwanmu Hausawa da ke Jidda da Riyad sukan ce mutumin nan da ke juya wa jama'a baya yana kaɗa ƴar sanda, wato jagoran makaɗan, ba shi da wani amfani, tunda kowane makaɗi takardar da aka rubuta masa kiɗan da zai yi na gabansa.

Ba haka abin yake ba. Babbar ƙungiya takan kai makaɗa tamanin ko fiye. Mai ganga yana can baya, masu goge suna gaba, in kowa ya dogara da kunnensa kawai sai kiɗan ya rikice, domin sauti yakan ɗan makara kafin ya iso. Shi ya sa suke bin hannunsa da ido. Hannun dama ne ke ƙirga bugu da saurinsa, na hagu kuma ya ce a sassauta ko a ƙara ƙarfi. Wani mai busa zai yi shiru na tsawon mintuna yana jira, kallo ɗaya jagoran zai yi masa ya shigo daidai, kamar yadda mawaƙi ke yi wa ƴan amshinsa.

Takardar da ke gaban jagoran kuwa ta haɗa rabon kowa da kowa. Mafi yawan aikinsa ma an gama shi tun a wajen gwaji, inda yakan tsayar da su a maimaita wuri ɗaya har sai ya fita yadda yake so.