Yadda Bunsuru Ya Riga Ni Cin Kirsimeti

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane magidanci mai hankali a Zuru ya koma bin dokar daidai ruwa daidai tsaki. Ni ma ina cikinsu, har zuwa ranar da maƙwabcina ya shigo majami'a cikin babbar riga ta shadda, ya tafi ba da baiko yana tafiyar ƙasaita, ƙarar sitacin rigarsa tana neman danne ganga. Daga ranar na ƙudura cewa idan Kirsimeti ya zo, ni za a kalla.

Da Disamba ta kama, na kwashi adashina gaba ɗaya, na ƙara da bashi wajen wani mai shagon yadi, na yanko shadda yadi goma ruwan sararin sama, na kai wa tela tare da gargaɗin cewa aikin wuya ya sauko har cibiya. Sannan na sayo bunsuru, shi ma rabin kuɗi na biya. Uwargida ta dube ni, ta dubi ɗan abin da ya rage a buhun shinkafa, ta ce, "Maigida, kuɗin makarantar yara fa a Janairu?" Na amsa mata da cewa Ubangiji makiyayina ne, ita kuwa ta ce ba ta taɓa jin an ci bashi da Zabura ta 23 ba.

Tela ya yi ta yi mini gobe-jibi har zuwa yammacin 24 ga wata. Da na karɓo rigar, na shanya ta a igiyar tsakar gida domin iskar hunturu ta kwashe warin gawayin dutsen guga, na shiga wanka ina rera waƙar Kirsimeti. Abin da na manta shi ne, a jikin turken igiyar nan na ɗaure bunsurun, kuma tun safe ba wanda ya ba shi ko ɓawon wake. Ko da na fito, ya gama da hannun dama, ya shiga aikin wuyan da ya fi yadin tsada, yana tauna a natse yana kallona, zare ruwan gwal yana lilo a gemunsa. Na yi salati irin namu, na kira sunan Yesu sau uku, yara kuwa suna bayan ɗaki suna dariya har da faɗuwa.

Washegari na sa tsohuwar taguwata mai faci a aljihu, na nemi bencin baya don in ɓuya. Ashe sunana ne a jerin masu karatu. Haka na fito gaban jama'a na buɗe Luka sura 2, na karanta yadda aka naɗe Mai Ceto da tsumma aka kwantar da shi a komin dabbobi domin ba wuri a masauki. Idona ya gangara zuwa aya ta 24, inda Yusufu da Maryamu suka kai hadayar tsuntsaye biyu, wadda Littafin Firistoci ya yardar wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Wato iyayen mai bikin ma ba su ci bashin dabba ba, sai ni ɗan gayya.

Babu wanda ya kula da taguwata. Idon kowa yana kan wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata, wadda 'yan bindiga suka raba da ƙauyenta a wajen Ribah, tana zaune a ɗakin aro. Da zanenta da ya koɗe ta ja waƙa tana rawa, har masu shadda suka manta da sitaci suka bi ta. Bayan sujada ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, baɗi war haka a gida zan yi Kirsimeti, in Ubangiji ya yarda, kuma kana cikin waɗanda na gayyata." Na rasa abin cewa, sai na roƙe ta ta zo ta ci abinci tare da mu.

Mun yanka bunsurun, kuma uwargida tana raba nama tana sanar da baƙi cewa su tauna a hankali, domin ba a taɓa kiwata dabba da abinci mai tsadar wannan a ƙasar Zuru ba. Ranar 2 ga Janairu na je shagon yadi neman a ɗaga mini ƙafa, sai na tarar da maƙwabcina zaune a kan benci, hula a hannu, yana roƙon a ƙara masa wata guda a kan bashin rigar da ta tayar mini da hankali. Ya matsa mini wuri, na zauna kusa da shi.